Hannun da Ya Zana Shagunan

Ranar da abin ya fara, la'asar ta yi sanyi, ma'aikatan ofishin tsara gari sun watse ɗaya bayan ɗaya, aka bar mutum guda zaune da wata babbar taswira shimfiɗe a gabansa. Jan Biro ake kiransa a ofishin, domin duk zanen ginin da za a yi a garin sai ya bi ta teburinsa kafin ya isa gaban kwamiti, kuma ba a taɓa ganin zanen da ya tashi daga teburin nan bai sha jan biro ba. A nan ya ce taga ta leƙa gidan maƙwabci, a can magudanar ruwa ta yi ƙanƙanta, ga ƙofa ta buɗe wa babban titi baki. Idonsa ba ya kuskure, wannan ko maƙiyinsa ya shaida.

Amma wannan taswirar ta gagare shi. Zanen wani katafaren rukunin shaguna ne da wani kamfani ke neman izinin ginawa a tsohon filin da ke bayan tashar mota. Ya bi hanyar shigar motoci da yatsa, daidai take. Ya auna wurin ajiye motoci, har da rara. Ya nemi ƙofofin gudu idan gobara ta tashi, ga su nan kowace a inda ya kamata. Sannan a tsakiyar ginin an bar wani tsakar gida mai faɗi, an yi wa rufinsa ƙofofin iska ta yadda haske zai sauko ba tare da rana ta ƙona kowa ba. Wallahi zanen ya yi kyau, kuma kyan nan shi ne ya tsaya masa a maƙogwaro, saboda tambarin da ke ƙasan takardar na ƙanensa ne, autan gidansu.

Shi ya koya wa Auta riƙe fensir. Shi ne mai son zane tun suna yara, amma da mahaifinsu ya rasu sai ya ajiye karatu ya kama aikin hukuma, Auta ya zarce. Yau ga Auta da ofishinsa na zanen gine-gine, ana kiransa a rediyo, ana miƙe masa a wajen taro, shi kuwa yayan yana nan yana buga tambari a kan aikin wasu. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk ranar da aka yabi Auta a gabansa sai abinci ya fita ransa. Bisa ƙa'ida, da fayil ɗin ya zo ya kamata ya janye hannunsa tunda na ɗan'uwansa ne. Sai ya ce wa shugaban kwamiti ai shi ƙanensa zai fi matsa wa fiye da bare. Shugaban ya yaba masa, ya ce irin wannan gaskiyar ta yi wuya a zamanin nan.

Abin da ya fi ci masa rai kuwa 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba su, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Zanen gine-gine take karantawa, kuma a ofishin Auta take koyon aiki. Tun da ta fara zuwa can, ba a gama cin abinci a gidan ba a ji "Baba Ƙarami ya ce" ba. Baba Ƙarami ya ce kaza, Baba Ƙarami ya nuna mini kaza. Shi da ya haife ta, ba ta taɓa kawo masa ko zanen ɗaki ɗaya ta ce ya duba ba.

Ya naɗe taswirar ya sa a hammata. Doka ta ce sai jami'i ya taka filin da ƙafarsa kafin ya rubuta rahoto, kuma da rana ake zuwa, tare da safiyo mai awon fili. Shi kaɗai ya tafi, rana tana gab da faɗuwa.

Filin shiru yake, irin shirun da ke sa mutum ya ji ƙarar takalminsa ta yi yawa. Masu awo sun kakkafa turaku sun ɗaura musu jan ƙyalle, iska ba ta ko motsa su. Can wajen yamma ƙasa ta lotsa, ciyawa ta rufe wurin, a tsakiya akwai wata tsohuwar rijiya da aka danne bakinta da kwanon rufi mai tsatsa. A taswira nan ne za a zuba kankare a yi wurin ajiye motoci. Ya tsaya a bakin rijiyar ya warware takardar, ya sake kallon tsakar gidan nan mai ƙofofin iska a ɗan hasken da ya rage.

"In akwai masu wurin nan," ya ce a fili, "to ku sani kankare za a zuba muku a ka. Hannun da ya zana wannan abu, na bar ku da shi. Ku riƙe shi."

Ya yi wata 'yar dariya, shi kansa ya ji kunyar maganar. Wani abu ya motsa a ƙarƙashin kwanon, ya ce ƙadangare ne. Aka fara kiran sallar magariba daga nesa, ya juya ya nufi motarsa, kuma bai yarda ya waiwaya ba.

A gida komai yadda ya saba. Matarsa tana kwashe shanya, Uwata tana zaune a barandar tsakar gida tana feƙe fensir. Ta yi masa sannu da zuwa, ta karɓi jakarsa, ta kai hannu za ta karɓi taswirar ya ce ta bar masa. Ya yi alwala ya yi salla. Yana zaune a kan darduma dutse na farko ya faɗo a kan rufi.

"Yaran maƙwabta ne," in ji matarsa.

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, sannan suka zubo gaba ɗaya. Ya fita da fitila ya zagaya bayan gida, babu kowa, ko kare. Ya dawo ya tsinci ɗaya a tsakar gida. Jar tsakuwa ce, irin wadda babu ita a unguwarsu, kuma a jiƙe take, da sanyi, alhali an daɗe ba a ga ruwan sama ba. Ya gane ƙasar, domin ragowarta na nan manne a takalminsa. Ya jefa ta bayan katanga.

Daga ranar gidan ya daina zama gida tsakanin magariba da isha. Da rana lafiya lau, kaji na kiwo, rediyo na magana. Amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai shiru ya sauko, mai nauyi, sannan jifa ta fara. Wata yamma matarsa ta je ɗibar ruwa a tanki ta dawo a guje ba bokiti, ta ce ta ji ana magana a cikin tankin, murya mai zurfi, kamar daga ƙasan rami. Wata safiya suka tashi suka tarar da turakun nan masu jan ƙyalle an kafa su a ƙofar ɗakin Uwata, sun huda siminti kamar an soka su a taɓo. Shi ya tuttuge su da hannunsa ya kai mota, ya ce wa matarsa aikin 'yan iska ne.

Sannan abin ya koma kan yarinyar. Hannunta na dama ya fara ƙagewa, yatsun suka dunƙule, ba ta iya riƙe ko cokali. Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoto, aka auna jini, likita ya ce bai ga komai ba. Amma da magariba ta yi, hannun da ya ƙi buɗuwa tun safe sai ya buɗe da kansa. Ya lalubo gawayi, ko fensir, ko gutsuren bulo, ya hau bango yana zana da'ira. Da'ira a cikin da'ira, tana ƙara duhu a tsakiya, ita kuwa idanunta a rufe, hawaye na zuba.

"Umma, ba ni nake yi ba," take cewa a hankali. "Ku riƙe mini shi."

Uwar ta riƙe, hannun ya ja ta har ƙasa.

Kada a ce Jan Biro bai damu ba. Ya rame, ya daina barcin kirki, yana son 'yarsa kamar ransa. Maganar bakin rijiya kuwa tana dawo masa, sai ya kore ta. Ai hannun Auta ya bayar, me ya haɗa shi da Uwata? Har ya buga wa Auta waya wata rana, ya ce gaisuwa ce kawai, ya tambayi lafiyar jiki. Auta ya ce lafiya ƙalau, yanzu ma ya fito daga wajen wani taro. Da ya kashe wayar, abin da ya ji a ransa ba daɗi ba ne, kuma ya san ba daɗi ba ne. Subhanallahi, zuciyar ɗan Adam.

A ofis shugaban kwamiti ya fara tambayar rahoto. An riga an yi zaman jin ra'ayin jama'a, masu rumfunan bakin tasha sun yi ƙorafinsu an yi musu alkawarin shaguna, direbobi sun nemi a bar musu hanyar fita an bar musu. Rahoton Jan Biro kaɗai ake jira. Kullum ya ce yana nan yana dubawa. Taswirar kuwa tana naɗe a saman kabad, ko ɗigon ja babu a jikinta.

Ya hana a gaya wa Auta halin da yarinyar take ciki, ya ce a faɗa masa zazzaɓi ne ya hana ta zuwa aiki. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji. Wata yamma ya dawo ya tarar da motar Auta a ƙofar gida, ya shiga ya same shi durƙushe a gaban yarinyar, ya riƙe dunƙulallen hannunta da hannayensa biyu, idanunsa jajir. Ita kuma ta jingina kanta a kafaɗarsa, abin da ba ta yi wa ubanta ba tun da ciwon ya fara.

"Haba Yaya," in ji Auta, bai ko miƙe ba. "Wannan abu yana faruwa ka ɓoye mini? Ni bare ne?"

"Ina neman mata magani."

"Na zo da malami. Yana waje yana alwala."

"A gidana? Wa ya sa ka?"

"Ni na sa shi," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "In faɗa za ka yi, ka yi da ni, amma ka bari a duba mini 'yata tukuna."

Malamin dattijo ne siriri, mai karantar da ɗalibai a wani masallaci, ba mai yawan magana ba. Ya yi sallama, ya dubi da'irorin da suka cika bango tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da yarinyar a lulluɓe, uwarta a gefenta. Suka yi magariba tare, ya zauna ya fara karatu.

Da farko babu abin da ya faru. Sai hasken taga ya ƙare, shirun nan ya sauko, tsakuwa ta fara zuba a kan rufi. Malam bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da ayoyin tsari, muryarsa ba ta tashi ba kuma ba ta sauka ba. Ɗakin ya yi sanyi, wani wari na tsohon ruwa ya cika shi. Yarinyar ta fara rawar jiki, kanta ya sunkuya, sannan ya ɗago a hankali. Idanun a buɗe suke, amma ba ita ke kallo da su ba.

"Ya isa," in ji wata murya daga bakinta, mai kauri, mai amsa-kuwwa kamar ana magana a cikin tulu. "Kana ƙona ni, malam."

"Wane ne kai?"

"Mai rijiya."

"Me ya kawo ka jikin baiwar Allah da ba ta yi maka komai ba? Ba ka tsoron Allah?"

"Ba zuwa na yi ba. Ba ni aka yi."

"Wa ya ba ka?"

Kan yarinyar ya juya a hankali, ya wuce uwar, ya wuce Auta, ya tsaya a kan ubanta.

"Shi. Ya zo bakin ƙofata da faɗuwar rana ya yi kira. Ya ce za a zuba mini kankare. Ya ce hannun da ya zana abin ya bar ni da shi, in riƙe. Na riƙe."

Matarsa ta dube shi. Jan Biro kuwa baki ya riga hankali, ya ce da ƙarfi, "Ƙarya kake! Ba ita na ce ba!"

Ɗakin ya yi tsit. Ko tsakuwar ta tsaya. Auta ya ɗago kai ya kalli yayansa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, "To wa ka ce, Yaya?"

Muryar ta yi dariya da bakin yarinyar, dariya mara daɗin ji. "Na je wajen wancan ai. Na shinshina hannunsa, babu ƙamshin zanen a jiki, tambari kawai ya buga. Na bi sawu har na samu hannun da ya ja layukan. A gidan mai kiran na same shi."

"Ita ta zana," in ji Auta, ya kau da fuska. "Tun daga ƙofar shiga har tsakar gidan nan, duk aikinta ne. Ni dubawa kawai na yi na sa tambari, tunda ba ta da lasisi. Ita ta roƙe ni kada in gaya maka. Ta ce tana so zanenta ya wuce teburinka ba tare da ka san nata ba ne, ta ga ko zai tsira daga jan bironka. Ta ce in ya tsira, ranar za ta faɗa maka da bakinta."

Jan Biro ya zauna a ƙasa, ba da niyya ba. Shi da ya tsufa a kan wannan aiki, ya fi kowa sanin cewa mai tambari daban, mai zane daban. Kullum yana faɗa wa sababbin ma'aikata haka. Amma da ya ga sunan Auta a ƙasan takarda, idon nan da ba ya kuskure bai ƙara ganin komai ba.

Malam ya dube shi sau ɗaya. "Ka kira wanin Allah a kan ɗan'uwanka. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, ka gaggauta tuba." Ya juya ga yarinyar. "Kai kuma, abin da aka ba ka ba na mai bayarwa ba ne. Hannunta na Allah ne, uba ba shi da ikon kyautar da shi. Ka sake ta."

"In na sake ta in koma ina? Sun tara kowa sun ji ta bakinsa. Mai rumfa an ba shi shago, direba an ba shi hanya, har mai wankin mota an tambaye shi. Ni da na riga su duka zama a wurin, ba wanda ya ce mini kanzil. Gidan nan ya yi mini. Akwai tanki, akwai inuwa."

Jan Biro ya rarrafa gaba ya miƙa hannunsa na dama, yana kuka kamar yaro. "Ɗauki nawa. Ni na yi magana, ɗauki nawa ka bar ta."

Idanun suka sauka a kan hannun, suka daɗe. "Wannan? Me ya taɓa zanawa? Ba na so."

Ko a wannan halin sai da maganar ta soke shi, kuma sai da ya saci kallon Auta ya ga ko ya ji.

"Zan janye aikin," in ji Auta. "Gobe da safe zan je in ce wa kamfanin su nemi wani. Kowa ya zana musu, ba mu ba. Ka sake mini 'yata."

'Yata. Jan Biro ya ji kalmar har cikin ƙashinsa. Aikin da ya fi kowane girma a ofishin Auta, ya ajiye shi a numfashi ɗaya, bai ko yi tunani ba. Har a son yarinyar ma ƙanen ya riga shi.

"Wani zai zo ya zuba kankaren," in ji muryar. "Ban ga abin da na samu ba."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare, muryar ta yi ƙara tana cewa ya bari, ya bari. Ya daɗe bai bari ba. Da ya tsaya, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Ba ciniki nake yi da kai ba, zalunci ne kake yi, kuma za ka fita ko kana so ko ba ka so. Amma mu ma ba a umarce mu mu cuce ka ba." Ya juya ga 'yan'uwan biyu. "Ni ban san aikinku ba. Dole ne sai ginin ya hau kan rijiyar?"

Jan Biro ya share fuska. Muryarsa ta fito a dishe, amma maganar aikinsa ce, ya san ta. "Ba dole ba ne. Ba a ma so a danne tsohuwar rijiya da kankare, ƙasa na iya zaftarewa. Kwamiti na iya sa sharaɗi a zagaye ta da katanga, a bar mata fili, a matsar da wurin motoci gabas. Akwai rara."

"Ka ji," in ji malam. "Za a bar maka wurinka, don ƙa'idar aikinsu ma ta yarda da haka. Kai kuma ka yi alkawari da sunan Allah ba za ka ƙara kusantar yarinyar nan ba, ko gidan nan, ko masu shiga kasuwar."

Sannan muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ita za ta zana katangar. Hannunta ba ya ƙarya. Na yi alkawari."

"Fita."

Hannun yarinyar ya miƙe sama yana karkarwa, yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. A waje murfin tanki ya buga da kansa, daga nan ba a ƙara jin komai ba sai kiran sallar isha. Warin ruwan ya tafi. Uwar ta rungume ta tana ta hamdala, Auta ya fita tsakar gida ya tsaya shi kaɗai.

A bakin ƙofa, Jan Biro ya riƙe hannun malam ya tambaye shi cikin raɗa, "Malam, za ta tuna abin da aka faɗa?"

"Wasu ba sa tunawa," in ji malam yana sa takalmi. "Wasu kuma suna ciki suna jin komai."

Auta bai yi masa sallama ba da zai tafi. Ya gaida matar yayansa, ya shafa kan yarinyar, ya wuce.

Washegari Jan Biro ya je ofis ya rubuta rahotonsa. Ya ce zanen ya cika kowace ƙa'ida, ya kawo sharaɗin rijiyar, sannan ya shiga wajen shugaban kwamiti ya ce ya janye hannunsa daga fayil ɗin, domin mai zanen 'yarsa ce. Shugaban ya yi mamaki, ya miƙa aikin ga wani jami'i a bene na sama. Kwamiti ya zauna, ya amince bisa sharaɗin a kawo gyararren zane.

Yarinyar ta warke sarai. Jifa ta tsaya, aka shafe bango da fenti. Tana gaishe shi da safe, tana kawo masa ruwa, tana karɓar jakarsa in ya dawo, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ya yi ta kallon fuskarta yana neman amsar tambayar da ya yi wa malam, bai samu ba.

Wata la'asar ya dawo da wuri, ya hango ta ta ƙofar ɗakinta a sunkuye kan teburin zane, fensir na tafiya a hannun nan na dama kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Gyaran zanen take yi. Ya tsaya a bakin ƙofa. Yana so ya ga yadda ta zagaye rijiyar, yana so ya ce mata tun da yake aiki bai taɓa ganin tsakar gida mai kyan nata ba. Ya taka a hankali ya shiga.

Ta ji motsinsa. Ba ta firgita ba, ba ta ɓata fuska ba. Ta dai ja wata farar takarda ta rufe zanen, ta ɗora hannunta na hagu a kai, na daman kuma ta sauke shi ƙarƙashin tebur.

"Sannu da zuwa, Baba. Kana son wani abu ne?"

"Uwata, zanen nake so in gani."

"Ban gama ba," ta ce cikin ladabi, idonta a ƙasa. "In na gama Baba Ƙarami zai kai ofishinku. A can sai ka gani."

Bai gaya mata cewa fayil ɗin ba zai ƙara bi ta teburinsa ba. Ya ce to, Allah ya yi albarka, ya ja mata ƙofar. Sai da ya isa baranda, ta ji takunsa ya yi nisa, sannan ƙarar fensir ta ci gaba.